Yadda Nake Tankaɗe Zancen Hikima Kafin In Yi Aiki Da Shi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tara karin magana da zantukan hikima a wani littafin rubutu da bangonsa ya riga ya cire. Da can duk abin da ya yi mini daɗi a kunne sai in rubuta. Yanzu sai na tankaɗe tukuna. Ga yadda nake yi, ko wani zai so ya gwada.

Fara da nemo wa maganar kishiya, don da wuya ka rasa. An ce sauri ya haifi nawa, an kuma ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. An ce zafin nema ba ya kawo samu, amma zomo ba ya kamuwa daga zaune. Rubuta su a shafi guda, ɗaya dama ɗaya hagu, a ƙarƙashin kowace ka sa irin ranar da ta dace da ita. Magabata sun san abin da suke yi: malalaci da mai rawar kai ba magani ɗaya suke sha ba, kai kuma ka san wanne ne kai a cikinsu.

Sai ka dubi bakin da maganar ta fito. A nan na fi shan wuya. Na taɓa yin aiki a wani wuri inda albashi kan yi wata biyu bai zo ba, duk ranar da muka yi ƙorafi sai shugaban ya gyara zama ya ce mana mai haƙuri yakan dafa dutse. Na yi shekara uku ina hura wa dutsen nan wuta. Maganar gaskiya ce, ban musa ba, sai dai wanda ke riƙe da haƙƙinka ba shi ya kamata ya karanta maka ita ba. Tun daga nan, in an jefo mini karin magana, nakan tambayi kaina wa zai ci riba in na bi ta.

Zantukan nasara kuwa, tambayi kanka su wa ba a ji ta bakinsu ba. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin lissafi a Amurka mai suna Abraham Wald ya yi nazarin jiragen yaƙin da ke dawowa da hujin harsashi. Ya lura cewa waɗanda suka dawo ne kawai ake ƙirgawa. Inda ba a ganin huji a jikinsu, nan ne wurin da in an samu jirgi ba ya komowa gida. Haka attajirin da ke cewa ya jefa duk abin da ya mallaka a sana'a ɗaya ya haye. Waɗanda suka yi irin kasadarsa suka nutse ba a gayyatarsu su yi jawabi.

Sunan da aka liƙa wa magana kada ya ruɗe ka. Zancen nan da ke yawo a intanet, wai shahararren masanin kimiyya Albert Einstein ya ce hauka shi ne maimaita abu ɗaya kana jiran sakamako dabam, ba a same shi a rubuce-rubucensa ba. Cire sunan ka gani ko maganar za ta tsaya da ƙafarta.

Wadda ta tsallake duk wannan ita nake rubutawa, da fensir, tare da kwanan wata da abin da ya same ni a ranar. Duk ƙarshen shekara nakan bi littafin da abin gogewa. "Hali zanen dutse" sau biyu ina goge ta ina mayarwa, saboda wani abokina da ya daina caca shekara shida, ya koma, ya sake dainawa. A yanzu tana nan a shafi na tara, da alamar tambaya a gefenta.