Yadda za ka nemi abin yi da digirin Ikons in ka sauka daga Tech

Duk wanda ya karanta Ikons, wato tattalin arziki, a Tech, jami'ar KNUST ta Kumasi, ya san tambayar nan. Kana zaune a ƙofar gida a Aboabo bayan la'asar, wani tsoho ya zo wucewa ka gaishe shi, ya ce ashe an gama Tech, ka ce eh Baba, ya ce to likita ne ko lauya, ka ce tattalin arziki ka karanta, sai ya tsaya ya dube ka ya ce "to ai mu ma shi muke yi tun ba a haife ka ba." Ni an yi min ita ya fi a ƙirga. Kuma tsohon yana da gaskiya, domin nas ta san asibiti za ta, injiniya ya san inda ya dosa, kai kuwa babu ofishin da aka rubuta a ƙofarsa cewa masu Ikons kaɗai ake jira. Kai za ka zaɓi ƙofarka da kanka, in kuma ka bari sai bayan sabis, wato hidimar ƙasa ta shekara guda, za ka fara tunani, toh ka makara.

Mataki na farko, ka zaɓi ƙofa tun kana shekara ta uku. Ƙofofin ba ɓoyayyu ba ne, akwai banki da inshora, akwai gwamnati irin su Bank of Ghana da Ma'aikatar Kuɗi da GRA mai karɓar haraji da hukumar ƙididdiga, akwai bincike da ƙungiyoyin raya ƙasa, akwai koyarwa, sai kasuwa. Dubi manyan da suka bi ta wannan kwas ɗin. Kofi Annan ɗan garin nan ne, a makarantar nan tamu ya fara Ikons a 1958 tun ba ta zama jami'a ba, ya ƙarasa a Amurka a 1961, aikinsa na farko a 1962 jami'in kasafin kuɗi ne a hukumar lafiya ta duniya a Janiba. Akufo-Addo ya gama Ikons a jami'ar Ghana da ke Legon a 1967 sai ya juya ya yi lauya. Amissah-Arthur koyarwa ya yi a Legon har da Najeriya kafin ya zama gwamnan babban banki a 2009. Bawumia sai da ya kai digiri na uku a Kanada sannan ya zama mataimakin gwamnan babban banki a 2006. Ban kawo su don siyasa ba, kar wani ya zo min da rigimar jam'iyya, abin da nake so ka lura da shi kawai shi ne duk cikinsu babu wanda ya tsaya da digirin farko ya naɗe hannu.

Mataki na biyu, kuma wallahi da za ka manta da sauran ka riƙe wannan da na ji daɗi, ka koyi abin da hannunka zai iya yi a kan kwamfuta. Intabiyuna na farko a wani kamfani ne a Adum, na kwana ina haddace bambancin ra'ayin Keynes da na Friedman, na ari kwat a wajen abokina. Matar da ke jagorantar teburin ko ɗaya ba ta tambaye ni ba, laftof ta juyo min, ga cinikin wata shida layi ya fi dubu, ta ce in fito mata da reshen da ya fi ciniki a kowane wata, ta ba ni minti 15. Na fara bin layin da yatsa a kan sikirin ina ƙirgawa kamar mai jan carbi, gumi ya jiƙa kwat ɗin mutane, ita kuwa tana ta duba agogo. Abin da take so aikin minti biyu ne ga wanda ya san pivot table a Excel, abin da ke taƙaita maka dogayen layukan lissafi nan take. Ina da sakamako mai kyau a aljihu amma ban taɓa buɗe abin ba.

Don haka ka fara da Excel, ka iya shi sosai ba sama-sama ba. Daga nan Stata, manhajar ƙididdiga, tunda dama da ita ake yin ikonometiriks, wato auna tattalin arziki da alƙaluma, kar ka bari ɗan gurup ɗinku guda ɗaya ya dinga yin aikin ku kuna sa suna. In kana da ƙarfin hali ka ƙara da R ko Python, kyauta ake sauke su, darussa kuma cike suke a YouTube, data kawai za ta ci. Wanda yake son banki ko kamfanin waya ya leƙa SQL da Power BI. Ba sai ka iya duka ba, biyu da ka riƙe da kyau sun isa a kira ka.

Na uku, furojet ɗinka na shekarar ƙarshe kar ka saye shi kuma kar ka kwafo. Ga kasuwar Kejetia nan a gabanka, ga Suame Magazine ta makanikai, ga masu MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a kowace kwana. Ka ɗauki abu ƙarami, misali yadda farashin albasa ke motsi daga mota zuwa tebur, ko yadda harajin e-levy da aka sa a 2022 ya taɓa masu tura kuɗi, ka tsara tambayoyinka ka fita ka tattaro bayanan da ƙafarka. Ranar intabiyu in aka ce me ka taɓa yi, kana da abin buɗewa ka nuna. Dogon hutu kuma ka karɓi wasiƙa daga dipatmen ka je atachimen, ko ba a biya.

Na huɗu shi ne sabis, a nan yawancinmu muke yin asarar shekara guda. Sabis dole ne, ba tare da satifiket ɗinsa ba ofisoshi ba za su ɗauke ka ba, alawus ɗin kuma kowa ya san ba ya kai wata, a 2023 aka ɗaga shi zuwa sidi 715 da 'yan kai. Tunda kuɗin ba shi ne abin ba, sai ka duba me wurin zai koya maka. Kar ka zauna jiran fostin kamar mai jiran sakamakon caca, tun kafin a buɗe rajista ka zaga wuraren da kake so da CV ɗinka, domin ma'aikatu da kamfanoni suna iya rubutawa su nemi a turo musu mutum. In kana da niyyar MPhil, wato masta ta bincike, ka nemi zama mataimakin lakcara a dipatmen, nan za ka samu wanda zai rubuta maka wasiƙar shaida da saninka, ba wanda zai tambaye ka sunanka kafin ya sa hannu ba. In kuma aka jefa ka asambili, wato ofishin gunduma, a wani ƙauye, kar ka yi fushi ka dinga zuwa sau ɗaya a wata don a sa maka hannu a fom, ka nemi ofishin kasafi ko na tsare-tsare ka manne musu, ka ga yadda ake haɗa kasafin gunduma daga farko har ƙarshe. Na san wata 'yar unguwarmu da aka tura irin wannan wurin tana kuka, oganta bai iya kwamfuta ba sai ya sakar mata komai, yau abin da take ci da shi ke nan a wata ƙungiya a Tamale.

Wani abu da mu 'yan zango muke rainawa, harshe. Kana jin Hausa da Tuwi da Turanci, wataƙila har da Dagbani ko Faransanci a gida, amma CV ɗinka bai faɗa ba. Masu bincike irin su ISSER na Legon da IPA suna ɗaukar masu tattara bayanai a fili, kuma wanda zai zauna da tsohuwa ya yi mata tambaya da harshenta shi ake nema. Ƙidayar 2021 da ta ba da mutum miliyan 30.8 da tablet aka yi ta, matasa irinku ne suka yi. Aikin kwantiragi ne na 'yan makonni, amma daga nan ake zama sufabaiza, daga nan a shiga ofis.

Na biyar, takarda ta biyu, kuma ta dace da ƙofar da ka zaɓa. Mai son akanta ya yi ICAG, jarabawar ƙwararrun akantoci ta Ghana, mataki uku ne, ka kai musu sakamakonka su duba ko za su yafe maka wasu fefofi. ACCA, takwararta ta Birtaniya, ta fi tsada don da fam ake biya. Mai son banki akwai CIB, mai son harkar hannun jari akwai CFA, ita ma mataki uku ce da dala, kar ka taɓa ta sai ka tabbatar kana da lokacin karatu. Mai son babban banki ko bincike ko koyarwa a jami'a, MPhil ne na shekara biyu sannan digiri na uku, a nan lissafi ne zai cece ka ko ya kashe ka. Koyarwa a sakandare kuwa sai ka haɗa da difiloma ta ilimi a Cape Coast ko Winneba da jarabawar lasisin malamai. Masu hangen waje su duba tallafin karatu na Chevening da Commonwealth da DAAD, amma ku sani Chevening tana son shekara biyu ta gogewar aiki. Ni a ganina masta da aka yi don gudun zaman gida ita ce mafi tsadar kuskure, ka fito da bashi kuma har yanzu ba ka san pivot table ba.

Maganar banki, tunda kowa can yake hange. Aikin farko galibi kanta ne ko yawon buɗe wa mutane akawun a rana da taget a wuyanka, sau da yawa ma ta hannun kamfanin kwantiragi. Kuma kar ka ɗauka banki ba ya faɗuwa, tsakanin 2017 da 2019 an soke lasisin bankuna 9 da kamfanonin maikurofainas 347, mutane da yawa suka koma gida. Sannan ga batun riba da ke damun wasunmu, wannan ba ni zan yanke maka ba, ka je ka zauna da malaminka tun kafin a ba ka takardar ɗauka, ba bayan ka saba da albashi ba. In zuciyarka ba ta kwanta ba sauran ƙofofin suna nan.

Na shida, neman aikin kansa. Hedkwatar kusan komai tana Akra, ko Ankara kamar yadda kakanninmu ke cewa, har da sakatariyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka da aka buɗe a 2020, don haka ka shirya hawa motar dare, ka nemi ɗan uwa a Nima ko Madina da za ka sauka wajensa. Aikin gwamnati sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izini kafin a ɗauka, shi ya sa ake daɗewa shiru, ka dinga duba shafukan hukumomin da jaridar Graphic da kanka. Duk wanda ya kira ka ya ce yana da firotokol, wato hanyar cusa ka ta bayan fage, ka turo kuɗi ta MoMo a saka sunanka, ɓarawo ne, wani yaro a layinmu kuɗin auren yayarsa ya tura, har yau lambar a kashe take. CV shafi ɗaya ko biyu, ka buɗe LinkedIn da hoto na mutunci, kuma ka dinga gaida 'yan ajinku da suka riga ka shiga, yawancin guraben a WhatsApp ɗin tsofaffin ɗalibai ake fara jin su.

Kafin kiran ya zo, shagon gida yana nan. A Disambar 2022 da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, gwaggona mai sayar da shinkafa da mai tana ta murna kaya na tafiya, sai ta je sari ta tarar kuɗin buhu goma ba ya sayen takwas. Na ce Gwaggo ba ni littafin nan. Na ja layi uku a kowane shafi, na farko nawa ta saro, na biyu nawa ake sarowa yau, na uku nawa za ta sayar, na ce daga yau layi na biyu za ki dinga kallo kafin ki faɗi kuɗi, kuma duk safiya ki kira dila ki ji farashi kafin ki buɗe ƙofa. Bashin kwastomomi ma muka ware masa shafinsa daban da ranar biya. Ta yi ta mita cewa mutane za su gudu, wasu kam sun gudu, amma da ta koma sari kuɗin ya kai buhu goma.