Lambun unguwa a filin hukuma: kurakuran da ke kashe shi da wuri a Kaduna

Babban kuskure shi ne shiga fili da izinin baki. Kansila ya ce "ku je ku yi", mai unguwa ya sa albarka, sai a ɗauko fartanya. Alhali Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen cikin birni a hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuwa ikonta a filayen karkara yake. Kangon da ake kira filin ƙaramar hukuma a Kawo ko Tudun Wada, mai yiwuwa an ware shi ne don makaranta, hanya ko magudanar ruwa. Ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma ta hannun sashen noma, da sa hannun mai unguwa da hakimi, sannan ku je KADGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta jihar Kaduna, a tabbatar muku da matsayin filin. Takardar amincewa ta fayyace girman wurin, shekarun aro, da wa'adin da za a ba ku idan za a karɓe. Ku nemi aƙalla wata uku, don ku samu kwashe amfani. Filin aro ba a dasa masa mangwaro, ba a kuma ɗora bulo sai da izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar.

Sai ruwa, inda lissafi ya fi ɓacewa. Ana farawa a watan Yuni, sama na zuba, kowa na murna. Damina na ɗaukewa a Oktoba, sai ido ya raina fata. A zafin Maris, fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10 yana shan lita 50 zuwa 60 a rana. Fangali 20 ke nan za su sha lita 1,000 zuwa 1,200 kullum, kuma sayen wannan a hannun 'yan garuwa zai cinye ribar duka. A ƙidaya fangali gwargwadon ƙarfin rijiyar da ake da ita a tsakiyar rani. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa. Ruwan kwatar da ya biyo ta masana'antu, kamar na wajen Kakuri, kada ya taɓa latas ko kabeji, domin ɗanye ake cin su.

Wasu kangayen gari tsofaffin juji ne. Baƙar ƙasarsu na ruɗin mutane, amma a ciki akwai batir, kwalba da baƙin mai, kuma ganye yana ɗaukar gubar dalma. A tona rami mai zurfin gwiwa a kusurwoyi huɗu a duba. Idan shara ce ke fitowa, a kawo ƙasa daga wani wuri a yi noman buhu.

Wajen taki kuwa, ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. A tara shi da ganye, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, har sati shida zuwa takwas.

A yi shinge kafin shuka. Akuya ɗaya ta isa ta share alayyahon wata guda kafin la'asar. Waya da turaku sun fi danga ta kara, wadda gara ke ci. Idan an jera zogale a jikin wayar, an samu shinge da miya.

Kada a fara da tumatir. Kowa shi yake so, amma shi ya fi laulayi: da damina ruɓa, da zafi tsutsar Tuta absoluta, wadda ta yi wa manoman jihar nan mummunar ɓarna a 2016. Alayyaho ana yanka shi cikin sati huɗu, rama da yakuwa da kuɓewa ba sa ba da wahala. Tumatir ya jira hunturu: a rene shi sati uku zuwa huɗu, a dasa da tazarar santimita 60 tsakanin layi, 45 tsakanin tushe.

Ragowar matsala ta mutane ce. Gona ɗaya ta kowa da kowa takan zama ba ta kowa ba, ranar ban ruwa a nemi mutum a rasa. Kowane gida a ba shi fangalinsa, rijiya da shinge da kayan aiki su zama na tarayya. A sa kuɗin wata-wata, ma'aji daban da mai riƙe littafi, kuma a rubuta tun ranar farko cewa wanda ya bar fangalinsa wata guda ba uzuri, za a miƙa wa na gaba a layi.