Yadda Ake Gane Jam'iyya Mai Aƙida

Fara da takardu biyu: kundin tsarin mulkin jam'iyyar da manufofinta na zaɓe. Kada ka ɓata lokaci kan alƙawarin hanya da asibiti, wannan kowa yana yi. Nemi inda aka faɗi daga ina kuɗin zai fito: ƙarin haraji, cin bashi, ko sayar da kamfanonin gwamnati. A nan aƙida ke fitowa fili, domin duk hanyar da aka zaɓa dole wani ya ji a jikinsa.

Sai ka ɗauko kasafin kuɗin shekara 3 na inda take mulki, ka duba kason ilimi da lafiya. Kuɗin da aka saki za ka bi, don abin da ke kan takarda sau da yawa ado ne kawai.

Bibiyi ƙuri'un 'yan majalisarta kan ƙuduri guda mai zafi. In kowa ya kama gabansa, kujera ce kaɗai ta haɗa su.

Sannan, wa ke ɗaukar nauyinta? In mambobi ba sa biyan kuɗin wata-wata, attajiri ɗaya zai riƙa tsayar da 'yan takara, ranar da ya sauya sheƙa kuma rabin jam'iyyar ya bi shi.