Huda ƙasar ciyawar ƙofar gida: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani

A Sakkwato ciyawa in ta fito a tsakar gida fartanya ake ɗauko mata, don gudun maciji da sauro. A Amurka da Ingila kuwa rainonta ake yi, kuma sau da yawa takardar haya takan ɗora wa ɗan haya kula da ita. Wasu unguwannin har tara ƙungiyar masu gidaje ke ci. Ɗan uwa, karanta takardarka tukuna.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe ciyawar shi ne danƙarewar ƙasa. Wanda ya san lakar fadamar Rima da rani ya san zancen. Takun yara da tayar mota su ke matse ƙasa har iska da ruwa su kasa kaiwa ga saiwa. Sai ka ga ruwa na kwanciya bayan ruwan sama, ciyawa na rawaya duk da takin da ka zuba. Gwaji mai sauƙi: soka sukudireba bayan an yi ban ruwa. In ya ƙi shiga santimita 10 sai da ƙarfi, lokacin huda ƙasar ya yi, don iska da ruwa su sami hanya.

Injin da ake so shi ne mai haƙora masu rami a ciki, wanda ke zaro ƙasa guntu-guntu kamar alli, zurfin santimita 5 zuwa 8. Ana samun hayarsa a Home Depot, babban kantin kayan gini na Amurka, amma yana da nauyi, mutum biyu ke ɗora shi a mota. Takalmin nan mai ƙusoshi da ake tallatawa ɓarnar kuɗi ne, domin ƙusa tura ƙasa take yi gefe, ta ƙara matse ta. In filin ƙarami ne, cokalin lambu mai yatsu ya isa: soka, ka ɗan jijjiga, ka matsa taƙi ɗaya.

Lokaci shi ne inda ake yawan kuskure. A Ingila da arewacin Amurka, irin su Minesota, Satumba ce ta fi. A Tekzas da Jojiya, inda kiri-kiri ta fi yawa, sai Mayu zuwa Yuni. Kada a huda ana tsananin zafi ko fari, ciyawar ba ta da ƙarfin farfaɗowa.

Kwana ɗaya kafin aikin a shayar da filin, ƙasa ta yi laushi amma ba caɓi ba; busasshiya haƙora ba su shigarta, caɓi kuma toshe su yake yi. A kafa alama kan kowane kan bututun ban ruwa, don injin fasa shi zai yi. A Amurka a buga 811 kwanaki kaɗan kafin nan, kyauta za a zo a nuna inda wayoyi da bututun kamfanonin wuta, gas da ruwa suka bi a ƙarƙashin ƙasa. Wurin da ya fi tauri a bi shi sau biyu, na biyun a gicciye.

Guntayen ƙasar kada a share su, cikin mako biyu zuwa uku za su narke su koma. Ramukan na buɗe a watsa iri da taki, a riƙa yayyafa ruwa kullum har iri ya tsiro. Ƙasar laka sau ɗaya a shekara, mai rairayi kuwa takan kai shekara biyu ko uku ba ta nema ba.