Yadda Ake Bambance Frankfurt Biyu Kafin a Yanki Tikiti Daga Jidda

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san cewa idan aka ce Tudun Wada ko Sabon Gari, sai an tambaya na wane gari ake nufi. Haka lamarin yake a Jamus, inda birane biyu suke amsa sunan Frankfurt, kuma tazarar da ke tsakaninsu a hanyar mota ta haura kilomita 500. Saboda haka mazaunin Makka ko Jidda da zai tura ɗansa karatu, ko zai aika masa da dabino, ya kamata ya tantance tun kafin ya biya riyal ko ɗaya.

Abu na farko shi ne a duba sunan kogin da ake liƙa wa garin, domin asalin kalmar tana nufin mashigin ruwa na ƙabilar Frank. Idan takardar ta ce Frankfurt am Main, to birnin nan ne mafi girma a jihar Hesse, mai mutane sama da 700,000, inda Babban Bankin Turai yake. Idan kuwa Frankfurt an der Oder aka rubuta, ƙaramin gari ne a jihar Brandenburg, wanda gada kawai ta raba shi da garin Slubice na ƙasar Poland, kuma a nan ne jami'ar Viadrina take. Ɗalibin da ya samu gurbi a wannan jami'a, Berlin ya dace ya sauka, sannan ya hau jirgin ƙasa na kusan sa'a guda zuwa gabas.

Daga nan sai a koma kan lambobi, waɗanda a ganina sun fi suna amana, musamman idan ma'aikacin ofishin tikiti yana cikin hanzari. Lambar gidan waya ta yawancin unguwannin garin Main tana farawa da 60, ta garin Oder kuwa da 152, yayin da lambar wayar tarho take farawa da 069 a na farko, 0335 a na biyu.

A kan tikitin jirgin sama, mai zuwa Frankfurt am Main ya nemi haruffan FRA. Wanda ya ga HHN ya dakata, domin wannan filin jirgin Frankfurt-Hahn ne, wanda yake kimanin kilomita 120 daga birnin, kuma sai an ƙara doguwar tafiya a bas kafin a isa.