Darasi na Bakwai: Jan Ido da Ƙaiƙayi

Ba kowane jan ido ne afolo ba. Kafin ka sa wa ido komai, fara duba abin da yake fitarwa.

Idan ido ya yi ja, yana zubar da ruwa kamar hawaye, kana jin kamar akwai yashi a ciki, kuma yau kai ne, gobe ɗanka, jibi maƙwabci, to afolo ne. An fara ganin annobarsa a Ghana a 1969. Ƙwayar cuta ta bairos ce ke kawo shi, kuma yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kallon idon mai afolo ba ya sa a kamu. Hannu ne ke yaɗa shi: mutum ya murza ido, ya gaisa da jama'a, ya ɗauki buta. Don haka mai ciwon ya riƙa wanke hannu da sabulu, ya ware tawul ɗinsa da matashin kansa. Mata kuma su daina aron kwalli har sai ido ya washe.

Wani jan idon yana zuwa da kwantsa mai kauri, ruwan ɗorawa, har mutum ya tashi da safe fatar idonsa a manne. Wannan yawanci bakteriya ce, kuma tana jin magani. Ma'aikacin lafiya kan ba da man ido na tetracycline ko maganin ɗigawa na chloramphenicol. Ga yadda ake yi. Wanke hannunka. Tsoma auduga mai tsabta a ruwan da aka tafasa ya huce, ka share kwantsar daga wajen hanci zuwa wajen kunne. Kowane ido da audugarsa. Sai mai ciwon ya kalli sama, ka ja fatar ido ta ƙasa a hankali, ka matsa man kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido.

Akwai kuma ƙaiƙayin da ƙurar hunturu ko hayaƙin girki ke tayarwa. Yana kama ido biyu, ba ya yaɗuwa. A ɗora tsumma mai sanyi, a bar susa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da muke zubawa a ido da hannunmu. Wani ya ce fitsari, wani ya ce nonon uwa, wani ruwan batir, ko ruwan albasa, ko kananzir. Don Allah a bari. Ruwan batir yana ƙona ido. Fitsari yana iya ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, wadda ke huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Afolon da zai tafi da kansa sai ya bar mutum da tabo na har abada. Haka maganin ɗigawa da ake saye a kemis ba da takardar likita ba. Duba jikin kwali: idan ka ga dexamethasone ko prednisolone, ajiye shi. Yana kashe ja nan take, shi ya sa mutane ke son sa, amma yana iya ƙara gyambon ido, kuma daɗewa a kansa na kawo hawan jinin ido.

Kada a kwana a gida idan ido na ciwo mai tsanani, ko gani ya dusashe, ko mutum ba ya iya kallon haske, ko farin ɗigo ya fito a kan baƙin ido, ko wani abu ne ya soki idon a gona. Haka yaro mai ƙyanda da idonsa ya rufe. Ƙaramin asibiti zai iya tura ku inda akwai likitan ido, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Jaririn da bai cika wata ɗaya ba, idan idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya, a kai shi asibiti a ranar, ko ba a yi suna ba. A duba uwar da uban su ma, domin sau da yawa a wajen haihuwa ya ɗauki cutar.

Aikin aji: kowa ya zo da maganin idon da ke gidansa, mu karanta sunansa da ranar lalacewarsa tare.