Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa kyamarar mota da GMSL ko FPD-Link

Hoto ya ƙi fitowa, sai injiniya ya duƙufa yana tonon manhaja kwana biyu, alhali matsalar tana kwance cikin waya. Masu haɗa kyamara da allunan kwamfuta irin Jetson na NVIDIA sun sha faɗawa wannan ramin.

MIPI CSI-2, hanyar da kyamara ke miƙa hoto ga kwamfuta, ba ta da dogon numfashi. Kafin santimita 30 ta fara gajiya. Kyamarar bayan mota kuwa tana nesa da mitoci. Shi ya sa ake sa guntun lantarki (chip) ɗaya a jikin kyamara ya jera bayanan a layi guda, wani a ɗaya bakin ya warware su. GMSL da FPD-Link hanyoyi biyu ne na yin wannan aikin.

Kuskuren farko shi ne haɗa jinsin da ba sa jin yaren juna. GMSL na kamfanin Maxim ne, wanda Analog Devices ta saya a 2021, FPD-Link III kuma na Texas Instruments. Fulogin FAKRA ɗaya suke amfani da shi, zai shiga daram, amma shiru kake ji. Ko cikin GMSL2 kanta, wato zubi na biyu na GMSL, idan ɓangare ɗaya na gudun gigabit 6 a daƙiƙa ɗayan kuma 3, ba za su kama juna ba. Kafin ka taɓa direba, wato manhajar da ke sarrafa kyamarar, karanta rajistar cikin guntun da ke nuna ko layin ya kulle, wato ko ɓangarorin biyu sun kama juna. In bai kulle ba, bar manhaja ta huta.

Sai waya, inda aka fi asara. Wayar CCTV irin RG59 tana ko'ina, tana da araha, kuma ido ba ya bambanta ta da ta gaske. Amma a ma'aunin turjiyar lantarki ita ohm 75 ce, wannan layi kuma 50 yake so. Saƙon zai riƙa dawowa baya yana cin karo da kansa, hoto ya zo yau ya ɗauke gobe, musamman idan injin ya yi zafi. Wannan ya fi mutuwar gaba ɗaya ciwo, don ba ka san inda za ka kama ba. Sayi wayar da aka yi don aikin, kada ka wuce mita 15, kuma ka rage mahaɗai a tsakani, kowanne na cin rabonsa.

Wutar kyamara ma ta cikin wayar nan take bi, matata ce ke raba ta da bayanai. Kada ka canja ƙananan kayan matatar don ka sami masu araha. Bi zanen da kamfanin ya bayar.

Idan kyamarori huɗu iri ɗaya ne a kan guntu guda, kamar MAX96712, dukansu adireshi ɗaya suka zo da shi a kan I2C, wato layin da ake aika musu umarni ta kansa. Ka kira ɗaya, huɗu su amsa. Kunna layukan ɗaya bayan ɗaya, ka ba kowace nata adireshin, sannan ka buɗe su tare.